Ranar da Na Ce 'Ya'yana Biyu Ne

A shekarun da wannan abu ya faro, ni matashin magidanci ne a wani gari cikin ƙasar Katsina, ina gyaran firji da iyakwandishan, ina da ɗan rufin asirina, ina kuma da taurin kan da a lokacin nake kira mutunci. Ni ne irin mutumin da in ya ce a'a a gaban jama'a, ko ya gane daga baya bai kyauta ba, ba zai janye ba, don kada a ce magana biyu gare shi. Babban abin alfaharina shi ne a gidanmu an san kunya. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarami, yayata ce ta goya ni, ta hana cikinta ta ba ni, da ta yi aure ma ta tafi da ni gidan mijinta, wani malamin firamare mai haƙuri da muke kira Malam. Allah bai ba ta haihuwa ba. Na tashi ina ganin yadda take bin jariran mutane da ido a gidan suna, na ƙudurta a raina duk ranar da na samu ɗa, nata ne. Edita, daga Makka nake rubuto maka wannan, ba don ina sa ran wani zai gyara mini abin da ya ɓaci ba, sai don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Na yi aure, shekara ta zagayo matata ta haifi namiji. Aka sa masa sunan mahaifina, ga shi kuma ɗan fari, sai kunyar ta zama biyu. Ba na faɗin sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, in ya rarrafo wurina sai in kau da kai. Haka na ga manya sun yi, haka na yi. Da lokacin yaye ya zo aka kai shi gidan Yaya kamar yadda aka saba kai yaro wurin dangi, sai dai ni na riga na gaya mata ba yaye kaɗai ba ne, na bar mata shi halak malak. Ban shawarci matata ba. Ta yi kwanaki tana kuka, ni kuwa ina ta mata faɗa, wai wace irin mace ce ke kukan ɗan fari, so take a yi da mu a gari? Daga baya ta share hawayenta, na ɗauka ta haƙura. Da yaron ya isa shiga makaranta, Malam ya rubuta shi da sunansa a matsayin uba, ya yanko masa takardar haihuwa a haka, daga baya katin ɗan ƙasa ma a haka. Bai ɓoye mini ba. Na ce ai ɗansa ne, ya yi yadda ya ga dama, har daɗi na ji a raina cewa kyautata ta cika. Yaron ya tashi yana kiran Yaya Inna, Malam Baba, ni kuma Kawu.

Allah ya ƙara mana biyu, mace da namiji. Sannan wani da na taɓa yi wa aiki ya haɗa ni da wani kamfani mai kula da na'urorin sanyi a gidajen saukar alhazai, na taho Makka. Aka sauke ni a wata unguwa da ake kira Shisha, ɗaki ɗaya mu shida, 'yan Najeriya da 'yan Nijar. Mutanen gida gani suke duk wanda ke zaune a garin nan ya gama haɗa duniya da lahira, ba su san yadda mutum ke dawowa daga saman bene da rana ta gasa masa ƙeya ya tarar da busasshen burodi da ƙartin maza ba. Burina ɗaya ne, in kawo iyalina. To amma a igamata, wato katin izinin zama, lebura aka rubuta ni, mai wannan matsayi kuwa ba a ba shi damar kawo iyali. Shekara shida ina bin kafilina, mai kamfanin da nake ƙarƙashinsa, yau ya ce bayan hajji, gobe ya ce bayan azumi, har Allah ya taɓa zuciyarsa aka sauya mini zuwa ma'aikacin fasaha. Ranar har sujada na yi a kan titi.

Ina da wani aboki haifaffen nan, jikan Hausawan da suka zo hajji tun da can suka zauna, sana'arsa bin takardun mutane a ofisoshi. Hausarsa rabi Larabci ce. Muka zauna wurin mai shayi bayan la'asar, ya fito da takardu ya tambaye ni yara nawa. Ko tunani ban yi ba na ce biyu. Ya ɗago ya dube ni, ya ce ai ya ji abokan ɗakina suna zancen akwai wani babba. Na ce wannan na Yaya ne. Ya ce shi tambayarsa wa ya haife shi. Wallahi ji na yi kamar ya tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Na ce masa a wurinmu ba a irin wannan tambaya. Ya yi dariya ya ce ya shehu, kakarsa ma haka take, har ta mutu ba ta faɗi sunan babansa ba, amma fa a nan hukuma ba ta san kunya ba, wanda ke kan waraƙa, wato takarda, shi ne ɗanka, wanda babu, babu shi. Ya ƙara da cewa ɗa namiji in ya cika sha takwas, khalas, shi ke nan, ba ya shiga ƙarƙashin ubansa, tunda yaron yanzu sha huɗu yake, in akwai gyaran suna a fara shi tun yau, ko da ba yanzu za a kawo shi ba. Na ce ya rubuta biyu kawai. Ya girgiza kai ya rubuta.

Da na gaya wa matata a waya, ta yi murna, sai kuma ta tambaya su nawa za su zo. Na ce ita da yara biyu. Sai ta ce tun ranar da aka ɗauke mata yaro ba ta taɓa roƙona komai a kansa ba, yau tana roƙo, in tambayi Yaya kawai, in ta ce a'a ta yi mini alkawari ba za ta sake tayar da maganar ba. Na hau ta da faɗa. Na ce da wane baki zan tunkari matar da ta goya ni in ce ta dawo mini da kyautar da na yi mata? Ta ce to ko takardun nasa a gyara, a bar shi a inda yake. Na ce goge sunan Malam cin fuska ne, ba a yi mini wannan tarbiyyar ba. Ta ce in na yarda ita sai ta je ta durƙusa wa Yaya da kanta. A nan ne na faɗi maganar da har gobe nake jin nauyinta, na ce in ta kuskura ta yi haka, na fasa tafiyar gaba ɗaya, kowa ya zauna inda yake. Ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta kashe wayar.

Bayan wasu watanni suka iso. Na kama mana gida mai ɗaki biyu a hawa na uku, nan cikin Shisha. Ba zan yi ƙarya ba, wannan lokacin shi ne mafi daɗi a rayuwata. Na kai su Harami suka yi ɗawafin farko, ƙaramin yana kan wuyana. Na koma cin tuwo da miyar kuka, yara suka shiga makaranta, ba a jima ba suka fara yi mini gyaran Larabci. Abu ɗaya nake lura da shi in yi kamar ban gani ba: duk sanda muka shiga kasuwa sayen kayan yara, sai matata ta ɗauki wata doguwar jallabiya ta gwada tsawonta da nawa, ta rage kaɗan, ta sa a cikin kaya, ta nemi mai tafiya gida ta aika. Ba ta taɓa cewa ta wane ne ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

A shekara ta biyu da zuwansu Yaya ta rasu. Ban samu zuwa jana'iza ba. Bayan addu'ar bakwai Malam ya kira ni, ina saman wani bene a tsakanin na'urori. Ya ce shi ya tsufa, idonsa ya yi rauni, gidan ba mace, in zo in ɗauki ɗana. Sannan ya ce akwai maganar da ya ga bai kamata ya mutu da ita ba. Wai Yaya ta daɗe tana fama da ciwon da ta san ba na tashi ba ne, tana ɓoye mini. Da ta ji iyalina za su taho, sai ta kai wa tela yadi aka ɗinka wa yaron kaya, ta shirya masa jaka, ta zauna jiran in buɗe baki in tambaya. Ita ba za ta iya cewa in ɗauke shi ba, kada a ce ta gaji da riƙo ko ta mayar wa ƙaninta kyautarsa. Ranar da suka tashi ba tare da na ce uffan ba, wai ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta ce wa Malam ashe na manta da yaron nan. Na zauna a kan siminti mai zafi ban ji zafinsa ba. Na so in ɓoye wa matata, amma kafin mako ya cika dangi sun kai mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni ko gaskiya ne, na ce gaskiya ne.

A lokacin saura wa yaron shekara ɗaya da 'yan watanni ya cika sha takwas. Na koma wurin abokina, bai ce mini ai ya faɗa ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya ce a idon hukuma yaron ɗan wani ne daban, sai an je kotu a gida ni da Malam da shi mun yi rantsuwa, a sauya takardar haihuwa, da ita a sauya katin ɗan ƙasa, da shi a yi fasfo, sannan a fassara komai zuwa Larabci a buga hatimi a ma'aikata da ofishin jakadanci. Kowace takarda sai ta jira 'yar'uwarta. Na nemi hutu, kafilina ya ce in manta, azumi ya gabato, daga nan har alhazai su watse ba mai motsawa. Bai zalunce ni ba, haka aikinmu yake, kowa ya sani. Na yi hajjin shekarar a cikin tantunan Mina da sukurdireba a hannu, mutane suna ta kuka suna roƙon gafara, ni ina lissafin watannin da ke zubewa. Wata biyar suka tafi a haka.

Da na isa gida na tarar da saurayi ya fi ni tsawo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Kawu an zo lafiya. Muka zauna a zauren Malam na yi bayanin abin da za a yi. Kansa a sunkuye ya ce shi bai ƙi Makka ba, amma ba zai je kotu ya tsaya a ce mutumin da ya goya shi a baya zuwa asibiti lokacin da ƙyanda ta kama shi ba ubansa ba ne, balle yanzu da ƙasar kabarin Inna ba ta bushe ba. Mai hankali da lallashi zai yi. Ni sai zuciya ta ɗebe ni, na daka masa tsawa na ce ni na haife shi, dole ya bi abin da na ce. Karo na farko ke nan a duniya da wannan magana ta fito daga bakina, kuma cikin fushi ta fito. Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, ya ce ya daɗe yana ji a bakin mutanen unguwa, yau ya fara ji a bakina. Ya tashi ya fita. Hutuna ya ƙare bai sake zama inda nake ba. Na bar tawa rantsuwar a rubuce a kotu na dawo. Sai da Malam ya yi wata uku yana roƙonsa, har ya haɗa shi da Allah, sannan ya yarda ya je.

A tsakanin nan wasu maƙwabta suka ba matata shawara a kawo shi da bizar umara, in ya shigo ya ɓace cikin gari kamar yadda wasu ke yi. Ta zo mini da maganar idonta jawur. Na tambayi abokina, ya ce kada in soma, yanzu komai da hoton yatsa ne, ranar da aka kama shi za a kore shi a hana shi dawowa, ni ma a soke igamata a haɗa da sauran yaran. Na ce mata ba zai yiwu ba. A wannan karon na san ina kan daidai, amma me zai sa ta yarda? Ta ce ita dai abin da ta sani, duk maganar da ta shafi yaron nan, amsata ɗaya ce tun yana cikin zanen goyo.

Takardu suka yi ta tafiyar hawainiya, yau na'ura ba ta aiki, gobe mai sa hannu ya yi tafiya. Na kira duk wanda na sani da wanda ban sani ba. Fasfo ya fito mako biyar bayan yaron ya cika sha takwas. Duk da haka na ce a shigar, ko Allah zai sa a dace. Amsa ta dawo a waya, an ƙi. Abokina ya dafa kafaɗata ya ce khalas ya akhi, abin da ya rage bizar ziyara ce, ya zo ya yi 'yan watanni ya koma, ko kuma nan gaba ya nemi aiki ƙarƙashin wani kafili kamar kowane baƙo. Na aika wa yaron da wannan ta bakin Malam. Ya ce ya gode, amma ba zai zo gidan da aka ce na ubansa ne da ranar fita a rubuce a goshinsa ba, kuma in ya tafi wa zai riƙa kai Baba masallaci? Ka ga abin da na yi ke nan: na sa ya goge sunan wanda ya rene shi, na manna masa nawa, kuma nawan bai buɗe masa ƙofa ko ɗaya ba.

Matata ta jira har yara suka gama zangon karatu. Wata safiyar Juma'a ta zauna a gabana ta ce ba saki take nema ba, ba kuma faɗa ta zo yi ba, gida take so ta koma. Ta ce ta yi ɗawafi iya ɗawafi, ta roƙi Allah iya roƙo, yanzu so take ta zauna a garin da yake, ko wucewarsa ta riƙa gani ta ƙofar gida. Na ce ta tuna shekarun da na yi kafin in kawo su. Ta ce ta tuna, ita ma in tuna nata shekarun. Ni ne kafilinta, ba ta da hanyar fita sai da izinina, kuma na san in na ƙi ba abin da za ta iya. Na yi mako biyu ina jan ƙafa, ina kallonta tana dafa abinci tana wanki. Daga ƙarshe na ɗauki waya na danna musu bizar fita ta ƙarshe da yatsana, ita da yaran biyu. Na kai su filin jirgi na Jidda, na dawo na mayar wa mai gida makullinsa, na koma ɗakin ƙartin da na baro.

Ita ma can ba ta samu abin da ta je nema ba. Yana zuwa ya gaishe ta ranar Juma'a, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ake gaida matar kawu, in ta zuba masa abinci ya ce ya ƙoshi. Ƙannensa suna jin nauyinsa, su Larabci ya kama bakinsu, shi bai san abin da zai ce musu ba. Ta ce mini in ya tafi sai ta shiga ɗaki ta rufe. Ba ta zancen dawowa, ni kuma ba ni da bakin tambaya. In bar aikin in koma, ban san da me zan riƙe su ba, in zauna kuma, ban san me nake zaman yi ba. Shekaru suna ta ja, gemuna ya fara fari.

Ban ce riƙo laifi ba ne, ni ma riƙo ne ya raya ni. Ban kuma ce kunya ba ta da kyau ba. Amma ni na ɗauki kunya na rufe girman kaina da ita, na hana matata magana, na hana kaina tambaya, Yaya kuma ta mutu tana zaton na yar da ɗana. Tambaya ɗaya ce da zan yi mata cikin minti biyu. Ko maganar sauya wa yaro uba a takarda, na sha jin malamai suna cewa addini bai yarda ba, na yi kunnen uwar shegu don ta ci karo da abin da nake so. 'Yan'uwana masu zama a ƙasar waje da masu shirin fita, in kun ba da ɗa riƙo ku ba da shi da sunan ubansa. In za ku cike takardar iyali, ku sa duk wanda kuka haifa, ko ba yau zai taho ba. Ku saurari matanku, su ma haihuwar suka yi. Wanda kuke jin nauyin tambaya kuma ku daure ku tambaye shi tun yana raye, wataƙila shi ma ku yake jira.

Makon jiya na yi ƙarfin hali na kira yaron da kaina. Muka gaisa, sai na tambaye shi ko akwai abin da yake so in aiko masa daga Makka, ko mene ne. Ya ce shi ba ya buƙatar komai, sai dai in an samu mai zuwa in taimaka in aiko wa babansa ruwan zamzam, jikin nasa ya ƙi daɗi. Na ce to. Na je na samo, ga jarkar nan a gefen katifata, ina neman mai tafiya.